Shayin Sin a Tukunyar Inna

Rafi'u na tsaye a kan kujera yana laluben saman kwaba sai ya ji ƙunshin ya yi sakayau. Ya sauko da shi ya buɗe. Saura rabi.

"Jamilatu! Wa ya taɓa min wannan?"

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Inna ce. Ta ce yakuwar da ka ɓoye ta kusa lalacewa."

Ba yakuwa ba ce. Shayin ƙasar Sin ne, manyan ganyen itatuwan kan dutse da ake dannewa kamar faifai, a ajiye su yi ta nuna shekara da shekaru. Duan, shugaban sitonsu a tashar jiragen ruwa, shi ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce daga ƙauyen kakarsa ya fito. Tun ranar babu wanda bai sha labarin ba a unguwarsu ta Bagdadiyya, can ƙasar Larabawa, har mai askin da ba ya jin Hausa. Yau kuma Duan zai zo cin abincin rana, ya haɗa musu shayin da kansa.

Ya tarar da mahaifiyarsa tana juya miya.

"Inna, shayi ne fa."

"Shayi da ganye kamar tafin hannu? Matsa min, yalla."

Aka buga ƙararrawa.

Rafi'u ya zauna gaban baƙonsa yana ta gyara hula, ga tuwo da miya an jera. Duan ya kai loma ta farko, ya tsaya. Ya sunkuya ya shinshina kwanon, ya zaro wani dogon ganye ya ɗaga shi sama.

"Hada... shayi?" ya tambaya da gurgun Larabcinsa, wai ko shayi ne wannan.

Rafi'u ya riga ya shirya ƙarya mai kyau, har da ɓera a cikinta. Amma ya hango Inna a bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana jira a yaba. Sai ya gyara zama.

"Aiwa, shayinka ne. Uwata ce ta dafa. Mu a gidanmu abu mai daraja miya yake shiga."

Duan ya ƙura wa ganyen ido har Rafi'u ya fara tunanin inda zai nemi wani aiki. Can Duan ya fashe da dariya, yana goge ido da bayan hannu. Ya ce kakarsa ma kirɓa ganyen take yi da barkono da gishiri a ci da shinkafa, kuma tun rasuwarta bai sake jin wannan ɗacin a abinci ba. Ya tura kwano a ƙara masa.

"Me yake cewa?" in ji Inna.

"Ya ce hannunki irin na kakarsa ne."

"To madalla. Ka gaya masa in ya koma gida ya zaɓo yakuwa mai tsami. Wannan an cuce shi, bawan Allah."

Rafi'u ya juya ga shugabansa, fuska a sake.

"Ta ce ta gode ƙwarai."