Takardar da Na Manna a Ɗakin Inna

Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Da ta rasu bayan kakar 1999, na rasa abin da zan nuna wa 'yata in ce ga kakarki. Abu ɗaya ta bari mai kama da ita, bangon ɗakinta a Furfuri. Shi kuwa ni na rufe shi da hannuna.

Ɗakin na ƙasa ne. Duk shekara, da ruwa ya ɗauke, Inna takan kwaɓa jar ƙasa da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ta yaɓe cikinsa. Kafin yaɓen ya bushe sai ta ja yatsunta huɗu a kai, daga wannan kusurwa zuwa waccan, layi na hawa yana sauka. Ƙaramin yatsanta na dama ya karkace tun tana yarinya, taɓarya ta daka shi, shi ya sa layi uku ke tafiya tare, na huɗun ya ware gefe. Kowa a unguwarmu ya san hannun Inna Hasana da wannan layin.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye idan akwai wanda za ta aika. Gwaggo Habiba, ƙanwar babana marigayi, ita ce 'yar aiken, ko da muna zaune mu uku a tabarma ɗaya. Inna takan ce, "Habiba, ki ce ma waccan tuwonta na hucewa."

Mijina Sahabi mai fenti ne. Da aka ba mu jiha Gusau ta zama babban birni, manyan ma'aikata suka shiga gyaran gidaje, shi kuma ya koyi manna takardar bango, irin mai leda a fuska wadda ake gogewa da tsumma. Muna zaune a Damba, gefen Gusau. Danginsa ma'aikatan gwamnati ne, shi kaɗai ne mai aikin hannu. Yayarsa Hajiya Madina tana da falo mai wannan takarda har da kafet. Ranar da na fara shiga, tsayawa na yi a bakin ƙofa, na rasa inda zan taka.

A 1997 na sami cikin fari. An ce in koma gida in haihu, in yi wankan jego a gaban Inna. Ban yi tunanin naƙuda ba kamar yadda na yi tunanin ranar suna. Hajiya Madina za ta zo da matan danginsu, su zauna a ɗakin ƙasa, su ɗaga kai su ga zanen yatsu da baƙin hayaƙin fitila.

A lokacin Sahabi ya gama aiki a wani gida a Tsafe, maigidan ya bar masa ragowar takarda, naɗi biyar, fara mai furanni shuɗaye. Na ce ya zo ya manna mini a ɗakin Inna.

"Luba, ba a sa ta a bangon ƙasa," in ji shi. "Sai an yi filasta da siminti, ya bushe sarai, a goge shi sumul. Wannan leda ce, ba ta numfashi. Bangon ƙasa kuwa yana shan ruwa da damina, ya fitar da rani. In kin toshe masa hanci ina ruwan zai je?"

"Kai dai ka ce ba ka son wahala."

"Kin tambayi mai ɗakin?"

Ranar da zan tafi na cusa naɗin biyar a ƙasan buhun kayana.

Na sha ganin yana aiki, na ɗauka na iya. Ba ni da irin gam ɗinsa, sai na dama sitacin rogo mai kauri. Na tuna ya ce bango sai ya yi sumul, na ɗauki tsohuwar wuƙa na fara kankare zanen da ke bangon da ke kallon ƙofa. Cikina wata takwas, ina nishi ina kankara. Inna ta shigo da ƙwarya a hannu ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta leƙa waje.

"Habiba, tambayi waccan, mi bangon ga ya yi mata?"

Gwaggo ta shigo tana salati. "Ke Luba, aljanu kika kwaso a birni?"

"Gyara nake yi, Gwaggo. Baƙi za su zo. Mutanen nan ba irinmu ba ne."

Da bakina na faɗi haka, Inna tana ji. Ta ajiye ƙwaryar, ta ɗauko tsintsiya ta share ƙasar da na zubar, ta kwashe ta fita da ita. Da ta dawo sai ta ce, "Habiba, ki ce mata ta bar hawa turmi da cikin ga. In riƙo ne, in riƙe mata."

Haka aka yi. Bango ɗaya na iya kankarewa, bayana ya gaji, sauran ukun na shafe su da sitaci na manna takardar a kan zanen. Inna ce ta riƙa riƙe mini sama ina lallaɓa ƙasa. Kwana uku muka yi.

Na haifi Nana Aisha lafiya. Ranar suna Hajiya Madina ta zo da mota biyu. Tana shiga ta dubi bango ta kwashe da dariya.

"A'a! Amarya, wannan ba ragowar aikin Tsafe ba ce? Ai furannin kansu a ƙasa kuka sa!"

Matan suka yi dariya, ba da mugunta ba. Sannan ta juya wajen Inna ta rage murya. "Inna, Sahabi ya ce mini kina wani zane da yatsu, irin wanda kakarmu ke yi. Na ce yau zan gani. Yana ina?"

Inna ta dubi takardar, ta dubi ƙasa. "An yi gyara, Hajiya," ta ce.

Na sunkuyar da kai a kan jaririya kamar ina gyara mata zane.

Da Sahabi ya leƙo ya gani bai yi faɗa ba. Kafin in koma Damba ya durƙusa gaban Inna ya ce ta yarda ya cire takardar kafin ruwa ya sauka. Ta ce a bari. Bayan damina ya sake komawa, ta sake cewa a bari. Ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce a cire ba. In na ce haka, sai na yarda na yi laifi, ni kuma ban san yadda zan dubi Inna in faɗa ba. Duk zuwan da na yi ina jin warin raɓa a ɗakin, ina ganin takardar ta kumbura nan da can. Sai in zauna a tsakar gida in ce zafi nake ji.

Damina biyu takardar ta yi. A ta biyun Inna ta kama tari. An kai ta asibiti a Bungudu, an dawo da ita, ta yi sati biyu ta cika. Ban sani ba ko ɗakin ne. Na tambayi Sahabi, ya ce kwana ne ya ƙare. Na lura bai ce ba ɗakin ba ne.

Bayan sadakar arba'in na ce masa, "Bango uku ban kankare ba. Hannunta yana nan a ƙasan takardar. Ina son in gani, Nana ma ta gani."

Ya ce, "Mu je. Amma kada ki sa rai da yawa."

Muka isa da hantsi. Ya kawo bokiti da soso da ƙarfen kankara. Ya nuna mini cewa takardar biyu ce a haɗe, leda a sama, takarda zalla a ƙasa. Ana kama ledar daga gindi a ja ta sama a hankali, sai ta baro takardar a jikin bango. Ita kuma a jiƙa ta, a jira, sannan a ɗaye.

"A siminti ke nan," in ji shi. "A nan in mun jiƙa, ƙasar za ta narke. In ba mu jiƙa ba, takardar za ta taho da yaɓen. Zaɓi ɗaya."

"Kai ne gwani."

"Gwanin bangon masu kuɗi ne ni. Wannan ban san shi ba."

Na ce mu gwada a bushe. Na kama gindin ledar a bangon gabas na ja. Ba ta rabu biyu ba, gaba ɗaya ta taho, da ƙara kamar ana yaga buhu, ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Bayan takardar baƙi ƙirin ne da ruɓa. Gara ta bi sitacin ta cinye, ta gina hanyoyinta daga ƙasa har rufi, ta huda yaɓen kamar rariya. Na taɓa da yatsa ɗaya, wajen ya rufta.

"A hankali, Luba."

"A hankali nake!"

Muka koma bango na biyu muka gwada da ruwa kaɗan. Sahabi yana dangwala soso kamar mai wanke miki, muna jira, yana ɗaga gefen da bakin ƙarfe. Na ga wani abu kamar layi, na ce ya tsaya. Kafin in matsa kusa ya zama taɓo ya gangaro. A bango na uku ban bari ya taɓa ba. Da farce na riƙa ɗayewa, guntu guntu, har azahar ta wuce, farcena biyu suka karye. Babu komai a ƙasa sai gara da wari.

Na zauna a kan tarin takardar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Gwaggo Habiba ta tsaya a ƙofa da Nana a bayanta.

"To, kin gama gyaran?"

"Gwaggo, don Allah."

"Ba zan don Allah ba. Sau biyu mijinki ya roƙe ta. Ni kullum sai na ce mata, Hasana, ɓare ledar ga, tana wari. Kin san mi taka ce mani? Waccan ta sa da ciki wata takwas, ita za ta ce a cire. Jiranki take. Kalma guda."

Na rufe fuska da mayafi. Sahabi ya ɗauki bokitinsa ya fita.

Gwaggo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Tashi. Majina ba ta gyara bango. Zo ki gani."

Ta ja ni bayan ɗaki, wajen rumbun gero. Na fi shekara biyu ban zagaya wurin ba. Jikin rumbun duka zane ne, daga gindi har wuya, layi na hawa yana sauka, uku tare, na huɗun ya ware gefe.

"Da ruwa ya ɗauke sai ta kwaɓa ƙasa yadda ta saba," in ji Gwaggo. "Ta tsaya da ita a hannu, babu inda za ta sa. Sai ta zo nan. Wanga na bana ne, tana tari ta yi shi. Na ce ta bari, ta ce hannunta ka ƙaiƙayi."

Na sa yatsuna a cikin layukan. Ukun suka zauna daidai. Ƙaramin nawa miƙaƙƙe ne, bai shiga na huɗun ba. Na sauko da Nana na kama hannunta na bi da shi a kai. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne.

"Zai daɗe?" na tambaya.

"A waje yake. Ruwan farko zai fara cinsa, kafin tsakiyar damina ya tafi."

Sahabi ya ce zai kawo mai hoto daga Gusau, ya kuwa kawo. Hoton yana nan a akwatina. Rumbu ne kawai ya fito, layukan ba su fito sosai ba.

Ban koma Damba a satin ba. Sahabi ya kankare bangon huɗu har ya kai ƙasa mai ƙarfi, ya toshe ramukan gara, muka bar ƙofa da taga a buɗe kwana goma. Gwaggo ta jiƙa makuba, ta nuna mini yadda ake kwaɓi, tana zagina a kan kowane dunƙule. Na yaɓe ɗakin da hannuna. Da na zo jan layi sai na riƙa fita ina duba rumbu ina dawowa, har yaɓen ya fara bushewa.

Gwaggo ta shigo ta dubi abin da na yi, ta taɓe baki.

"Kamar kaza ta yi tono."

"Na sani."

"Kuma ki bar karkata yatsan nan da gangan. Ba naki ba ne. Ja naki yadda Allah ya yi shi."

Na jiƙa hannu na shafe, na sake ja. Layi huɗu suka tafi tare, babu wanda ya ware. Na tsaya ina kallonsu.

"Baɗi ki dawo da wuri," in ji Gwaggo. "Rumbun ma zai so yaɓe."