Layi na Ƙarshe a Dutsen Gjertrud

Hallgeir mai sassaƙa dutse ya goge hannunsa a jikin wando, ya ɗaga takardar da Oddrun ta aiko, ya karanta da ƙarfi yana jan murya kamar mai wa'azi a coci.

"Gjertrud. Ta zo daga kudu. Ta sare wannan daji. Ta rayu a nan, ta rasu a nan a tsakiyar 'ya'yanta." Ya dubi Torleif ta saman tabarau. "To, Farfesa, ina matsalar? Ni dai ban ga kalmar da ta fi ƙarfin guduma ba."

Torleif ya ce layin ƙarshen ne bai kwanta masa ba. Hallgeir ya ce to ya yi ƙoƙari ya kwanta masa kafin yamma, domin gobe da safe zai fara sara, in ba haka ba dutsen ba zai kai taron danginsu ba. Ya kuma tuna masa cewa abin da aka sassaƙa ba ya goguwa.

Dutsen yana jingine a bango, baƙi, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum. Wata mai zuwa za a kafa shi a ƙofar gonar Langmo, ranar da zuriyar Gjertrud za su taru daga kudu da Amurka don cikar gonar shekara ɗari biyu. Oddrun, yayar Torleif, ita ke zaune a gonar, ita ta shirya komai, ita kuma ta rubuta kalmomin.

Torleif direban bas ɗin 'yan makaranta ne. Bai yi nisa a karatu ba, amma tun mutuwar matarsa ya koya wa kansa karanta karkataccen rubutun limaman coci na dā, shi ya sa mutanen kwarin suke ce masa Farfesa. Tsakanin jigilar safe da ta rana yakan zauna cikin bas ɗin da babu kowa, yana bin hotunan tsofaffin littattafan coci a waya, yana neman mace guda. Ya samu ranar da aka yi mata baftisma a wani kwari na kudu. Ya samu aurenta, da sunanta cikin waɗanda suka bar cocinsu suka nufi arewa, a ƙafa zuwa bakin teku, sannan jirgin ruwa. Ya samu shekarar da kogi ya cinye mijinta, ya bar ta da ɗa guda, Embret, da daji wanda ba a gama sarewa ba. Bayan haka duk inda aka ambaci Langmo, sunanta ne a kai: saniya biyu, sannan huɗu, sannan doki. Ba hotonta, ba ko kalma ɗaya da ta fita daga bakinta. Wani lokaci yakan kashe wayar ya yi ta kallon tsaunin da ke bayan gonar, yana cewa a ransa wannan dai ta gani yadda yake gani.

A hunturun da ya wuce ya samu ƙarshen labarin, a takardun kwamitin kula da matalauta. A shekarar babbar yunwa, Embret, kakan kakansu, ya tsaya gaban kwamitin ya ce ba zai iya ciyar da mahaifiyarsa ba. Aka sa ta a zagaye, yadda ake yi wa tsofaffin da ba su da mai riƙo: kowace gona ta karɓe ta 'yan kwanaki, ta ci ta kwana, sannan ta wuce gona ta gaba. Littafin coci ya ce ta rasu a Skaret, gonar da ke kan tudu a tsallaken kogi. A gefen sunanta limamin ya rubuta cewa 'yar zagaye ce, ya ja layi.

Daga wurin Hallgeir, Torleif ya wuce kantin da Oddrun ke aiki. Ya same ta a durƙushe tana jera gwangwanin kifi. Ko kafin ya buɗe baki ta ce ta san abin da ya kawo shi, fuskarsa ta faɗa.

Ya ce shi abin da yake roƙo kawai a cire layin. Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce mutane za su tsallako teku, wasu da keken guragu, su zo ganin inda suka fito, shi kuma yana so ya tarbe su da takardar matalauta. Embret yana da yara cike da ɗaki a shekarar da mutane ke haɗa ɓawon itace da gari. Da bai yi abin da ya yi ba, wataƙila da babu ita, babu shi, babu wanda zai zauna cikin bas yana yanke wa matattu hukunci da cikinsa a ƙoshe.

"Ban yanke masa hukunci ba," in ji Torleif. "Amma ba a nan ta mutu ba."

"Kai ka gani? Kana wurin?"

"An rubuta."

"An rubuta." Ta ajiye gwangwani da ƙarfi. "Tun kana ƙarami haka kake, Torleif. A ba ka tuffa, sai ka juya ta ka juya har ka samo tsutsa."

Wata mata ta zo tambayar inda madara take, Oddrun ta bi ta da fara'a, ta bar shi tsaye.

A waje ya zauna cikin motarsa bai tayar ba. Abin da ke damunsa shi ne Oddrun ba ƙarya take yi ba. Ya sha lissafa abin a ransa: tsohuwa guda, yara masu yawa, buhu guda. Duk ɓangaren da ya tsaya a kai sai ya ga akwai gaskiya, kuma gaskiyar ba ta rage masa nauyin komai. Amma in aka sassaƙa wancan layin, gani yake an sake fitar da ita daga gidan, an sa wata tsohuwa ta ƙarya a kujerarta.

Kullum bas ɗinsa yana wuce hanyar Skaret, bai taɓa hawa ba. Mutanen Langmo sun daɗe suna yi wa na Skaret kallon baƙin da suka zo daga baya suka samu tudun duwatsu, ga kuma wata tsohuwar rigima a kan shinge wadda ba wanda ya tuna farkonta. Yau ya tsallaka gada ya hau.

Borghild, tsohuwar da ta rage a Skaret, ta kusa shekara casa'in. Ta buɗe ƙofa tana riƙe da sanda, ta ƙare masa kallo.

"Ɗan Sverre na Langmo. Motarka ce ta lalace, ko shingen kuka zo aunawa?"

Ya ce gaisuwa ya zo. Ta ce ƙarya ba ta yi masa kyau, ya cire takalmi ya shigo. Ta ɗora gahawa, ta kawo waina da jan cuku, ta tambaye shi ciwon bayan Oddrun da kuma dalilin da ya sa yake taka birki kamar mai jin haushin yaran mutane. Sai da ya sha rabin kofi sannan ya ambaci sunan Gjertrud.

"Tsohuwar Langmo," in ji Borghild, kamar mai maganar maƙwabciyar da ta rasu bara. "Na ɗauka ba wanda zai taɓa tambaya a cikinku."

Kakarta tana yarinya a hunturun da Gjertrud ta rasu, ita ke kai wa tsohuwar kunu, kuma har ta mutu ba ta daina ba da labarin ba. Ta ce Gjertrud doguwa ce, hannayenta kamar na namiji, yatsa ɗaya ya lanƙwashe tun saran gatari. Ba ta zama haka kawai. Duk gidan da ta sauka sai ta nemi ulu ta kaɗa, ko ta gyara ragar kifi, tana yi tana kushe yadda matan gidan ke hura wuta. Tana son gishiri da yawa. Tana kiran kowace yarinya da sunan saniyarta ta farko.

Torleif ya ajiye kofin a hankali. Shekara da shekaru yana bin ta, bai taɓa sanin tana son gishiri ba.

Sannan Borghild ta faɗi abin da bai taɓa kawowa a ransa ba. Langmo ma gona ce a cikin kwarin, don haka ita ma tana cikin zagayen. Kwanakin Langmo suna zuwa ne bayan na Skaret. In lokacin ya yi, Gjertrud takan koma gidan da ta gina da hannunta, ta kwana kusa da murhu, ta yi kwanakinta kamar yadda take yi ko'ina, sannan ta ɗaure ƙunshinta ta wuce gaba. Duk zagayen, in ji kakar Borghild, waɗannan kwanakin take jira.

"Zo," in ji Borghild.

Ta kai shi wani ɗan ɗaki a bayan kicin, inda yanzu injin wanki yake da takalman huntu. Ta nuna masa tagar da sandarta. Ya sunkuya. Ga kogin, ga gadar, ga Langmo a shimfiɗe, koren fili a tsakiyar daji, jan rumbu, da wankin Oddrun yana kaɗawa a igiya. Bai taɓa ganin gidansu daga nan ba. Ya yi ƙanƙanta, ya kuma yi kusa, kamar mutum ya miƙa hannu.

A nan take zama, in ji Borghild, tana duba ko hayaƙi na tashi. A zuwanta na ƙarshe ƙirjinta ya riƙe, kowa ya ga ba za ta tashi ba. Saura kwana biyu ranar Langmo ta yi. Maigidan Skaret ya ce zai ɗaura wa doki amalanke ya kai ta gida a ranar, ba wanda zai ce komai. Ta ƙi.

"Ta ce masa ranarta ba ta yi ba. Ta ce kwanakin nan na Skaret ne, ba za ta ci na yaran Embret ba."

"An gaya wa Embret?"

"An aika."

"Me ya ce?"

"Wannan kakata ba ta sani ba. Ko ta sani ba ta faɗa ba." Borghild ta gyara tsayuwa a kan sandar. "Ya zo dai. Ranar da aka sa wa Langmo, da sassafe, da doki da amalanke, da fatar tunkiya da ya shimfiɗa mata a baya. Ta riga ta cika. Ƙunshinta a ɗaure yake a gefenta. Ya ɗauke ta da kansa, bai bari kowa ya kama masa ba, ya kai ta gida."

Torleif ya daɗe a sunkuye a tagar. Yana so ya tambaya ko ƙauna ce ta hana ta tafiya, ko girman kai, ko tsoron abin da za ta gani a fuskar ɗanta in ta iso kafin lokaci. Yana so ya san me Embret ya yi a kwana biyun nan, yana ganin hayaƙin Skaret daga ƙofarsa. Ba wanda ya rage a duniya da zai iya amsawa. Borghild ta ce in ya gama kallon, gahawarsa ta huce, kuma yaran mutane na jiran mai taka musu birki.

Bayan ya sauke yaro na ƙarshe ya koma wurin Hallgeir. Ya karɓi takardar, ya ja layi a kan jimlar ƙarshe, ya rubuta wata a ƙasa. Hallgeir ya karanta, wannan karon ba da muryar wa'azi ba.

"Ta rasu tana hanyar dawowa gida." Ya sosa gemu. "Dawowa daga ina?"

"Duk wanda ya karanta haka zai tambaya."

Hallgeir ya ce shi Oddrun ce ta ba shi aiki, ba zai taɓa dutsen ba sai ya ji daga bakinta, yana da sauran sha'awar rayuwa. Torleif ya kira ta, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye a kan dutsen. Ya gaya mata inda ya je da abin da ya ji, a taƙaice, ba ƙari. Ana jin ƙarar injin kanti a bayanta, sannan aka ji ta rufe wata ƙofa.

Ta ce ya sake karanta layin. Ya karanta.

"In suka tambaya, wa zai amsa?"

"Ni."

"Za ka tsaya gaban jikokin Embret ka ce ya kori uwarsa?"

"Zan ce ya sa ta a zagaye. Zan ce an aika masa. Zan ce ya zo ranar da aka sa."

Hallgeir ya leƙa ya ga ko wayar ta katse. Da Oddrun ta sake magana muryarta ta yi ƙasa.

"Kwana biyu ka ce?"

"Kwana biyu."

Aka ji ta ja numfashi. "Hallgeir, kana nan?"

"Ina zan je?"

"Ka sassaƙa. Amma kada ka ƙanƙanta layin nan. Ka yi shi daidai da sauran."

Ta kashe wayar ba sallama. Hallgeir ya ɗauko alli da ma'auni, ya durƙusa gaban dutsen, ya ce wa Torleif ya matsa, yana tare masa haske.