Aji Biyu a Ɗaki na Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da darasi guda a sashen kwamfuta, Shugaban Sashe ya soke shi cikin minti goma. A taron malamai ne, ina zaune ƙarƙashin fankar nan mai kuka. Ya ɗaga takardar tsarin darasina da yatsu biyu, ya ce, "Malama, yara aiki suke nema, ba wa'azi ba." Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ni na koyar da su. Na riƙe abin a raina.

Rigimar a kan salon rubuta manhaja ce. A salonsa, kowane abu akwati ne mai riƙe da bayani, kowa ya zo ya sa hannu ya sauya abin da ke ciki. A nawa, abin da aka rubuta ba a taɓa shi. In kana son canji, sai ka samar da sabo, tsohon na nan. Ni ban taɓa cewa nasa banza ne ba. Cewa na yi ɗalibi ya san biyun. Shi kuwa bawan Allah, abin da bai iya ba, a wurinsa babu shi.

Bayan wata biyu aka ce masu duba sashe na tafe. Shugaba ya rubuta manhajar raba ɗakunan jarrabawa don ya burge su, ni kuma, tunda na zama marar aiki, ya ba ni shigar da sunayen ɗakuna. A nan na ga ɓarakar. Akwati ɗaya ne ke riƙe da jerin ɗakunan da babu kowa, kuma in aji biyu suka nemi ɗaki a lokaci guda, kowanne zai leƙa ya ga ɗakin a buɗe kafin ɗayan ya rufe. Gyaran bai fi na rabin awa ba. Na rufe kwamfutar, na tafi na sha shayina. Mako uku ina gaishe shi da fara'a, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kowace gaisuwa.

Ranar da suka zo, shugabar baƙin, wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya, ta ce a gwada. Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ranar raba ɗakuna ba layi ake bi ba. Bari malamai biyu su danna tare."

Suka danna. 'Yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe, mutum ɗari uku, duk a ɗaki na bakwai mai kujera sittin. Shugaba ya ce a sake. Aka sake, ya fito daidai, har ya fara murmushi. Dattijuwar ta ce a ƙara. Ɗaki na bakwai ya sake cika.

Ta cire tabarau. "A wane darasi ɗalibanku ke koyon kauce wa wannan?"

Shugaba ya kalle ni, gumi na bin wuyan rigarsa. Na bar shirun ya yi tsawo yadda raina ke so.

"A nawa ne, ranki ya daɗe. An soke shi."

Sharaɗinsu na farko shi ne a dawo da darasin, kuma kowane ɗalibi ya yi shi. Bayan sun tafi, Shugaba ya tare ni a bakin matakala.

"Kin gani tun farko, ko?"

"Tun ranar da ka ba ni sunayen ɗakuna."

Ya ce, "To yanzu ɗalibai sun ninka. Ke kaɗai ba za ki iya ba, kuma ba mu da wani malami."

"Muna da shi," na ce. "Rabi naka ne. Ranar Litinin ƙarfe takwas ka shigo ajina da biro da littafi. Akwai kujera a layin gaba."