Uban 'Ya'yan Siku

Shekara talatin da ɗoriya ba a ga sawun kyarkeci a kwarin da ke bayan ƙauyen ba, sai ga su sun biyo garken barewar tuktu sun dawo. Gari ya yi murna, domin har a rediyo an ambaci sunan ƙauyen. Wata malamar jami'a ta sauko daga jirgi da na'urori, ta yi wata biyu tana ƙirga su, ta samu bakwai. Tsoho Akpik, da ya riga ta ganin sawunsu a kan dusar ƙanƙara, ya ce tara ne. Tunda ba shi da na'ura, ba a rubuta nasa ba.

Akpik ne kaɗai ya rage mai karnukan jan kaya a ƙauyen. Kowa ya koma mashin mai gudu a kan ƙanƙara, wanda ba ya cin nama, sai dai ba ya gane hanyar gida idan hazo ya rufe. Karnukansa goma sha ɗaya ne, masu faɗin ƙirji da kaurin gashi, kuma yana iya jero maka asalinsu uwa bayan uwa har zuwa karyar da ta ja kamutik ɗin kakansa, wato doguwar amalanken katakon nan da ake ja a kan ƙanƙara. Duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa sau ɗaya ba ya sakewa. Idan ya ɗaure su, kowane kare da igiyarsa, igiyar da ta fi tsawo ta Siku ce, jagorarsu. Shekarunta tara, kuma kowa ya san haihuwa ɗaya ta rage mata, in ma ta rage.

A watan Maris, daidai lokacin da kyarketai ke barbara, Siku ta tsinke igiya ta ɓace kwana uku. Ta dawo da kanta, ta kwanta a wurinta kamar ba ta yi komai ba. Bayan wata biyu ta haifi huɗu. Mutanen gari suka haɗa lissafi, kuma wanda ya fi kowa saurin haɗawa shi ne Jayko, ƙanin matar Akpik.

Jayko yana da mashin biyu da kare ɗaya. Karen, Kaftin, daga kudu ya zo a cikin akwati, da takardu masu hatimi da ke cewa shi ɗan asali ne. Sau ɗaya aka taɓa sa masa ɗamarar ja, ya zauna ya cinye igiyar. Tun daga nan aikinsa kwanciya a ƙarƙashin gidan Jayko, inda bututun ruwan zafi ya ratsa. Yana da cindo a ƙafar baya, ɗan ƙarin farce da Jayko ke nuna wa baƙi a matsayin alamar jinin sarauta.

Abin da gari bai sani ba shi ne, tun rana ta biyu Akpik ya bi sawun Siku. Sawun bai nufi kwari ba. Ya zagaya bayan coci, ya wuce kanti, ya shige ƙarƙashin gidan Jayko. Akpik ya tsaya ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya koma gida bai ce wa kowa uffan ba. Ranar da aka haifi 'yan kwikwiyon ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Uku ba su da komai. Na huɗun, wani jibgege mai son barci, yana da cindo a ƙafar baya ta hagu, a ɓoye cikin gashi. A duk zuriyar kakansa ba a taɓa yin mai cindo ba.

Ya zaro wuƙa zai yanke cindon. Matarsa Ulipika tana bakin ƙofa tana tauna fatar takalmi don ta yi laushi.

"Tsoho, me ɗan tahalikin ya yi maka?"

"Gyara zan yi masa."

"Gyaran sunanka dai. Bar masa abinsa, wata rana zai yi maka rana."

Ya mayar da wuƙar kube. Shekara arba'in suna tare, ya san inda gardama da ita ke ƙarewa.

Da farko jita-jitar kyarkeci ba ta dame shi ba. In za a faɗi gaskiya, ta ɗan yi masa daɗi. Idan dole ne jinin kakansa ya gaurayu, gara a ce da mai ratsa kwari uku a yini ɗaya, da a ce da mai kwana kan bututu. Amma akwai tsohuwar ƙa'ida a ƙauyen, wadda ta girmi majalisa da coci duka: ɗan kare mai jinin kyarkeci ba ya zama cikin mutane. Ba ya ja, ba ya jin kira, kuma wata rana zai kalli ɗan mutum da idon da yake kallon ɗan tuktu. Hukuncinsa harsashi. Shekara talatin ba a buƙaci ƙa'idar ba, Jayko ne ya tono ta ya kai gaban majalisar gari.

Shugabar majalisar, Miali, a hannun Ulipika aka haife ta, saboda haka ta yi magana tana kallon tebur.

"Baba, ba son raina ba ne. Iyayen yara sun yi magana. In na kyarkeci ne, ka san abin da ake yi."

"Ni ban ce Yaya ya yi laifi ba," in ji Jayko. "Karya ce ta ga samari sun dawo gari, ta tafi gaisuwa. Ai ko a mutane ana yi."

Aka yi dariya. Malamar jami'ar, da aka gayyato don ta ba taron nauyi, ta ce abin mai sauƙi ne. A ba ta yawun 'yan kwikwiyon ta aika kudu, takarda za ta dawo da bayanin ko wane ne ubansu, har irinsa.

"Har irinsa?" in ji Akpik.

"Dalla-dalla, Baba."

"To ba na so. Karnukan kakana ba su taɓa tofa yawu a kwalba ba." Ya juya wajen Miali. "'Yata, yadda iyayenmu ke yi za a yi. In ƙanƙarar farko ta sauka, a sa musu ɗamara. Kare na jin ta a ƙirjinsa zai jingina ya ja, ba sai an koya masa ba. Ɗan kyarkeci zama zai yi ya ci igiya. Wanda ya zauna, ni da hannuna zan ɗauki bindiga."

Aka yarda. Akpik yana fita daga zauren ya tuna abin da Kaftin ya yi ranar da aka sa masa ɗamara, amma magana ta riga ta fita.

Duk tsawon rani bai gwada su a ɓoye ba, domin gwajin na karen da bai taɓa jin ɗamara ba ne, kuma a ƙauyen da babu bishiya ko ɗaya ba a ɓoye komai. Ya ciyar da su hantar dabbar ruwa da kitse, ya zuba musu ido. Ukun suna bin uwarsu ko'ina suna cizon wutsiyarta. Na huɗun ya gano inda rana ke daɗewa a jikin bango, ya mai da wurin gida. Ulipika ta ɗinka ƙananan ɗamaru huɗu na fata, sai dai ta na huɗun ta ƙara mata faɗi.

Ƙanƙara ta sauka a farkon Oktoba. Da hantsi rabin gari suka taru a bakin teku, har da malamar jami'ar, hannuwa cikin aljihu. Jayko ya zo a kan mashin, Kaftin a zaune a bayansa cikin bargo. Akpik ya jingina bindigarsa da dutse inda kowa zai gani. Ya ɗaure Siku a doguwar igiya a gaba, ya kawo guntun katako mai nauyi da za su ja.

Ya sa wa ta farko ɗamara. Ta yi tsaye, ta waiwayi igiyar, ta dubi uwarta. Akpik ya yi kiran tashi, gajeren sautin nan daga maƙogwaro. Siku ta motsa. 'Yar kwikwiyon ta sunkuyar da kai, ta kafa ƙafafu, ta jingina ƙirji, katakon ya bi ta yana tsaga dusar ƙanƙara. Wata tsohuwa a cikin taron ta share ido da bayan safar hannu, ta ce iska ce. Na biyun ya ja har yana kuka don ba a bar shi ya wuce uwarsa ba. Ta ukun ta faɗi, ta tashi, ta ja.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji wani.

Akpik bai ɗago ba, amma ya ji wuyansa ya yi tsawo. Sannan ya ɗauko na huɗun, wanda sai da aka tashe shi daga barci. Ya sa masa ɗamara, ya yi kira. Siku ta motsa. Jibgegen ya dubi uwarsa, ya dubi katakon, ya yi hamma, ya zauna. Ya juya a hankali ya kama igiyar da haƙoran gefe ya fara ci, cikin natsuwar wanda ya gaji sana'a.

Miali ta dubi bindigar, ta kau da kai.

"To, Yaya," in ji Jayko, "uku sun bi uwa, ɗaya ya bi uba. Kai ka faɗa da bakinka. In hannunka zai yi rawa, kawo in taimaka maka."

Akpik ya dubi ɗan karen. Malalaci ne, kuma ba zai taɓa zama komai ba. Amma Siku ce ta haife shi, kuma ba ta da wata haihuwar. Ya dubi Ulipika. Ita teku take kallo, kamar ranar ta fara ganinsa.

"Gaskiyarka, ƙanina," ya ce. "Uba ya bi. Matso ka gani."

Ya ɗaga ɗan kwikwiyon, ya kama ƙafar baya ta hagu, ya buɗe gashin da babban yatsa. Cindon ya fito fili. Ya zagaya da shi gaban mutane a hankali, ba wanda ya tsallake.

"Malama, kyarketanki bakwai, akwai mai wannan?"

"Kyarkeci ba ya da shi, Baba."

"Karnukana ma ba su da shi, tun daga kan na kakana. A garin nan kare ɗaya ke da shi, kuma duk an nuna mana, wasunmu sau uku."

Kawuna suka juya wajen mashin. Kaftin, da ya ga ana kallonsa, ya kaɗa wutsiya daga cikin bargo.

"Kaftin ba ya fita," in ji Jayko.

"Bai fita ba. Ita ta je. Kwana uku a ƙarƙashin gidanka, kana sama kana shan shayi kana tsoron kyarketai."

Dariyar ta daɗe, kuma ba Jayko kaɗai ta ci ba. Akpik ya san rabinta tasa ce, shi mai jero uwa bayan uwa. Ya tsaya ya karɓi rabonsa. Da ta lafa sai ya ce, "Ku duba dai. Da irin wannan uban, uku suka ja. Ku auna jinin uwar."

Wannan karon ba a yi dariya ba. Tsofaffin suka gyaɗa kai. Miali ta ce majalisa ta rufe magana, ta ɗauki bindigar da kanta ta miƙa wa Ulipika.

Akpik ya kwance ɗamarar, ya ɗora ɗan kwikwiyon a cinyar Jayko, da guntun igiyar a bakinsa.

"Ga jikanka. A ba shi wuri kusa da bututu."

Ya koma ya ɗaure ukun a gajerun igiyoyi kusa da uwarsu, tare da sauran goma, ya zauna a kan kamutik ya yi kira. Suka bi gefen teku suka nufi bakin kwari. A inda rafi ya daskare ya ga sabon sawun kyarketai ya ratsa hanya. Ya tsayar da karnukan ya ƙirga. Goma sha biyu ne yanzu, uku ƙanana. Ya yanke shawarar zai gaya wa malamar, ko da ba za ta rubuta ba.