Sunan Maigida

Aikina a biro, wato ofishin ƙungiyar manoma ta Magariya, shi ne karanta rubutun da aka yi wa na'ura. Muna da wakili mai ƙirƙirarriyar basira, wanda manoma ke kira ta salula su yi masa Hausa. Shi kansa ba ya tsinana komai sai da kayan aikin da aka ɗaura masa, kamar na duba farashin gero ko na shigar da mutum cikin masu karɓar irin gyaɗa. Kowane kayan aiki da bayaninsa, kuma abin da bayanin ya ce shi zai bi, ko da rijiya aka nuna masa. Ni ce mai auna bayanan, in ce wannan ya yi, wannan gurgu ne.

Bayanin irin gyaɗa kuwa baban Nura ne ya rubuta. Mijina ke nan. Haka nake kiransa, kuma ko a nan ba za ku ji wani suna daga bakina ba.

Gaskiya ya iya rubutu. Ya faɗi abin da kayan aikin ke yi, da lokacin da za a taɓa shi, da lokacin da za a ƙyale shi. A ƙarshe ya ce a tambayi mai kira sunan maigida, in bai faɗa ba a rufe lambar, don maganin masu karɓa biyu. Na karanta na ce madalla.

Sai ga kiran Gwaggo Hinda daga Dogo-Dogo.

"Zalika, wannan aljanin naku ba wanda ya rene shi ne? Wai in faɗi sunan malam! Ni, da furfurata? Na ce mai baban su Rahama, ya ce bai gane ba. Na ce mai jan jakin nan na bakin kasuwa. Sai ya kashe mani waya."

Nan na gane kuskuren. Maza ba su dawo daga cirani ba, mata ne ke kira, daga Dogo-Dogo har Kwaya. Hadari kuma ya fara taruwa a gabas, iri na ƙarewa.

Na gaya wa baban Nura muna cin tuwo. Ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"Gyara sai da izinin Madam Falmata," in ji shi. "Ki bari ta sabunta kwantirata ta aiki tukuna, sannan in gyara."

"Ruwa zai jira kwantirarka?"

Ya tashi ya wanke hannu.

Madam Falmata ita ce shugabarmu, daga Damagaram take zuwa, kuma da abin da na auna take yanke wa kowa hukunci. In na ce bayanin gurgu ne, na datse wa mijina aiki da hannuna. In na ce ya yi, gonar Gwaggo ta wuce damina ba gyaɗa. Gaba kura, baya siyaki. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na ji haushin kaina da na ce madalla.

Ranar taro ta dube ni ta saman tabarau. "To Zalika, na irin gyaɗa fa? Ya yi?"

Baban Nura na zaune daura da ni, ya ƙura wa ordinatarsa, wato kwamfuta, ido.

"Madam, mu gwada shi a ji," na ce.

Na aza salulata bisa tebur, na buɗe murya, na kira. Wakilin ya yi sallama da ladabinsa, na ce iri nake so.

"Madalla. Mene ne sunan maigida?"

Na yi shiru. Sidi, abokin aikinmu, ya soma dariya, ya dubi fuskata, ya haɗiye ta.

"Ban ji ba. Mene ne sunan maigida?"

"Baban Nura," na ce a hankali.

"Ban gane ba."

Baban Nura ya sunkuyo da sauri ya faɗi sunansa da kansa, amma wakilin ya riga shi. "An rufe wannan lamba. Mun gode."

Madam ta cire tabarau. Ita ma matar aure ce, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta ce a buɗe duk lambobin da aka rufe kafin la'asar, a sauya tambayar. Zancen kwantira kuwa ta ce sai ta yi tunani, kuma duk biron mun san abin da tunaninta ke haifarwa.

Muka kama hanyar gida bisa moto, wato babur, baban Nura na tuƙi. Sai da muka kusa ƙofa ya yi magana, bai juyo ba.

"Da kin faɗi sunan nan kawai, Zalika. Sau ɗaya tak."

Na riƙe gefen rigarsa. Har yau ban sani ba ko kunya ce ta kama mini baki ko Gwaggo Hinda. Ita dai ta shuka gyaɗarta. Shi kuma yana gida, ni nake fita biro da safe.