Gilashin Benen Yusha'u

Da Yusha'u ya yi arzikin albasa ya dawo Goronyo, sai ya ce shi ya wuce zama gidan da magini ya auna da ƙafa. Ya ɗauko mai zanen gidaje daga Abuja, aka zana masa bene babu zaure, gefe guda na sama gilashi zalla, baƙi wuluk, irin wanda na ciki ke ganin na waje, na waje kuwa sai fuskarsa. Wai don a riƙa hango gulbin Rima daga falo. Gwanin zanen bai lura ba cewa tsakanin falon da gulbin akwai tsakar gidan Lauwali manomi, da makewayinsa marar rufi.

Mairo matar Lauwali ta daina wanka da rana. 'Ya'yansa mata suna daka cikin hijabi a gidan ubansu. Lauwali ya kai kuka gun mai unguwa, aka ba shi haƙuri, ya haɗiye.

Ran nan ya dawo daga fadama ya tarar da ɗiyarsa Nafisa da kumfar sabulu a wuya. Ta ce tana wanka ta ga inuwar mutum manne da gilashin.

Lauwali ya sunkuci taɓarya. A bakin ƙofar benen mai gadi ya tare shi, Lauwali ya sauke masa ita a baki, haƙora suka zube kan daɓe. Yusha'u ya fito da gora yana ihu.

"Lauwali, mi ya same ka? Na hwaɗa maka babu mai kallonku!"

"Ƙarya kakai! Ɗiyata taz zan abin kallo ga gidanka?"

Gorar ta tsaga goshin Lauwali. Suka kama kokawa, ya ciji kunnen Yusha'u har ya ji gishirin jini a harshensa. Maƙwabta suka ja shi waje suka rufe ƙofa, suna zaton magana ta ƙare. Ba su san Lauwali ba.

Ya koma gida, ya kafa tsani ya hau soron ɗakinsa, wanda ke jingine da bangon benen. Jini ya rufe masa ido ɗaya. A gilashin ya ga wani mahaukaci ɗauke da taɓarya, bai damu ba. Ya buga, ya ƙara bugawa, har bangon gilashin ya ruguje ciki gaba ɗaya da wata ƙara kamar an kifar da kwanukan amarya.

Ya tsallaka yana haki. "Hito, ɗan iska! Hito in ga idonka!"

Babu namiji a falon. Inna Habi ce kwance cikin tarkacen, uwar Yusha'u, wadda ta makance tun Lauwali yana saurayi. Kwanan nan aka ɗauko ta daga Kagara ba tare da unguwa ta sani ba, aka ajiye mata tabarma a jikin gilashin don ɗumin rana. Wani ɓallin gilashi ya nutse ƙasan haƙarƙarinta, zanenta ya jiƙe sharkaf.

Lauwali ya saki taɓaryar. Tsohuwar ta lalubo ƙafarsa ta riƙe gam, don ta shaida muryarsa.

"Lauwali, kai na? Ɓarayi sun hwasa muna gida, ɗana. Allah shi yi maka albarka da kaz zo."