Kwana Biyu Ba Feda

A ƙungiyar masu tseren keke ta unguwar, Baba Wutsiya ake ce masa, don duk inda aka je shi ke isowa ƙarshe, yana haki, hular kwanonsa a karkace. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Mutumin da kan wuni ba wanda ya kira shi, ai ko wutsiya aka ce masa da sauri zai amsa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a maɗaba'a, cikin rugugin injin da sai ka yi ihu na kusa da kai ke ji. Da ya yi ritaya sai ya zauna a ɗakunansa biyu a hawa na uku, inda ba mai magana sai firij. Matarsa ta tafi wurin 'yarsu renon jika. Wata uku aka ce, ga shi an shiga shekara ta biyu. Ran Lahadi sukan yi waya, ba a minti biyar jikan zai fasa kuka, ta ce, "Bari in duba shi, zan kira ka." Sai kuma wata Lahadin.

To, ƙungiyar na shirin doguwar tafiya, kilomita ɗari huɗu cikin kwana uku, a ci tare, a sauka masauki ɗaya. Baba ya ƙwallafa rai a kan tafiyar nan ba kaɗan ba. Sai dai akwai sharaɗi. Koci, wani siririn malamin motsa jiki da ba ya rabuwa da usur a wuya, ya ce ran Asabar za a yi gwaji, kilomita ɗari cikin awa biyar. Wanda bai kai ba, sai dai ya tsaya bakin titi ya ɗaga wa sauran hannu.

Ran Laraba, a wani hawa da watan jiya ya haye yana fito, ƙafafun Baba suka ce ba su san zancen ba. Ya sauka ya tura keken har sama, inda sauran ke jiransa suna shan ruwa. Koci ya ja shi gefe.

"Baba, kawo hannunka." Ya danna yatsu biyu a wuyan hannun yana duban agogo. "Zuciyar nan ta ƙi sauka. Yaya barci?"

"Yana zuwa, yana tafiya."

"Abinci fa?"

"Bakin ne ba daɗi."

"Na ce Litinin da Juma'a kowa ya huta. Kana hutawa kuwa?"

Baba ya tsura wa feda ido kamar yau ya fara ganinta. "Ɗan zagaye ne kawai nake yi."

"Na kilomita nawa?"

"Hamsin. Wani lokaci sittin."

Koci ya riƙe baki. "Haba, Baba! Kullum kana rushe jiki, ba ka barinsa ya gina kansa. Gobe da jibi kada ƙafarka ta taɓa feda. Ka ci, ka sha ruwa, ka kwanta ka jingina ƙafafu a bango. In ba haka ba, wallahi ran Asabar a mota za mu kwaso ka."

Koci ya ɗauka taurin kan tsufa ne, irin na mutanen da suka yarda cewa maganin gajiya ƙarin aiki. Akwai wannan ɗin. Amma gaskiyar magana, Baba tsoron gidansa yake ji. A kan keke akwai iska a kunne, akwai ƙarar sarƙa da hon ɗin motoci, har zagin direbobi wani abu ne. Ranar hutu kuwa daga shi sai kujeru.

Ya san halinsa, don haka da ya koma gida ya ɗauki sifana ya kwance tayar gaba, ya sauka da ita shagon telan da ke ƙasan benen.

"Ajiya na kawo. Ko na zo ina kuka, kada ka ba ni sai Asabar da sassafe."

Tela ya cire allura daga bakinsa, ya dubi tayar, ya dubi Baba. "Na zaci riga zan ɗinka mata." Ya tura ta bayan tarin yadudduka ya ci gaba da aikinsa.

Alhamis ta zo da tsawo. Baba ya wanke kofinsa, ya wanke na matarsa da ba a taɓa ba. Ya goge sarƙar keken ya sa mata mai, ya duba agogo, tara ba ta yi ba. Ya kwanta a ƙasa ya jingina ƙafafu a bango yadda aka ce, yana jin cinyoyinsa na zogi, yana jin maƙwabta ta bayan bangon suna gardama a kan wanda ya bar famfo a buɗe. Ya yi sha'awar gardamar nan har cikin ransa. Can barci ya sace shi, awa uku cur da rana tsaka, irin wanda rabonsa da shi an yi watanni. Ya farka jikinsa sakayau, ya so ya ba wani labari, sai ya kira matarsa.

"Lafiya? Me ya faru?" ta ce da sauri.

"Lafiya lau. Barci na yi."

"Kai, ka tsorata ni. Yau ai Alhamis ce."

"Haka ne," in ji shi. Suka yi sallama.

Ran Juma'a da la'asar haƙurinsa ya ƙare. Ya sauko yana ta tsara magana a kan matakala.

"Tela, iska kawai zan duba mata."

"Iskarta lafiya lau, na gaishe ta da safe. Kuma ban ga kuka ba tukuna."

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraren keken ɗinki na tatata, ba wurin zama, masu karɓar kaya na ratsa shi suna cewa a gafarce su. Ya fi rabin awa a nan, har ya ga ya zama cikas, sannan ya hau sama a hankali.

Ran Asabar kuwa abin mamaki ya faru. Ƙafafun suka zama kamar an canja su. A hawan da ya kunyata shi ko tashi daga sirdi bai yi ba. Wajen kilomita na arba'in ya duba sai ya ga mutum a gabansa, mutum a bayansa, mutum a kowane gefe. Ashe a tsakiya iska ba ta dukan ƙirji, ashe ana jin numfashin juna. Wani ya miƙo masa rabin ayaba ba tare da ya waiwayo ba. Wata likita da ke bayansa ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, yau wutsiya ta shigo ciki!" Aka kwashe da dariya. Baba ya ji idonsa ya ciko, ya bar shi a kan iska ce.

Awa huɗu da minti arba'in da ɗaya suka yi. Koci ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Da kai za a tafi." Sannan ya busa usur, kowa ya matso.

"Saura mako guda. Daga yau ba atisaye, ba haɗuwa. Kowa ya jingine keke ya huta kwana shida. Sai mun haɗu ran tafiya."

Mutane suka yi shewa. Wannan na cewa yaransa za su gan shi, wancan na cewa matarsa ta tara masa gyare-gyare.

"Shida?" in ji Baba.

"Shida, Baba. Ai ka ga amfaninsa da idonka."

Ya gani kam. Nan da nan aka ɗora kekuna a kan motoci, fili ya watse. Baba ya cire hular kwano ya rataye a kan keken. Tunda an ce kada a hau, sai ya kama shi ya tura a ƙasa, ya bi ta doguwar hanyar da ke zagaya kasuwa, yana tafiya a hankali don kada ya isa gida da wuri.